Yadda Na Tayar da Katin Wi-Fi na Tsohuwar Laftof a Kan Ubuntu

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma laftof ɗin da nake tsara tambayoyin jarrabawa da lissafin makin ɗalibai a kanta ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, domin ba ta da na'urar tsaron nan ta TPM 2.0, sannan na'urar sarrafawarta ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Ta hannu ce na saya a PZ da ke Zariya shekarun baya, kuma in ban da batirinta da ya daina riƙe caji babu abin da ke damunta, saboda haka ban ga dalilin jingine ta ba. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ne ya kawo mini filash ɗauke da Ubuntu 24.04, wani nau'in tsarin Linux mai maye gurbin Windows, wanda kamfanin Canonical ya fitar a Afrilun 2024 tare da alƙawarin kula da shi na shekara 5. Wannan ya hutar da ni sauke fayil mai girman kusan gigabait 6 da datar waya.

Ɗora manhajar bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Allo ya fito tas, sauti ya yi, madannai da linzami sun amsa, har firintar da nake fargaba a kanta ta buga takarda ba tare da an roƙe ta ba. Amma da na duba kusurwar dama ta sama, inda ya kamata sunayen hanyoyin sadarwa na unguwa su jeru, babu ko alamar Wi-Fi, kuma a wurin saituna an rubuta cewa ba a sami katin Wi-Fi a jikin kwamfutar ba.

Wani mai gyara da na yi wa bayani ta waya bai jira na kai aya ba ya yanke hukunci. Ya ce: "Malam, katin ne ya mutu. Ka kawo ta mu canza, ko kuma mu mayar maka da Windows ɗinka ka huta." Na gode masa, amma ban kai ta ba, domin da wannan katin na aika saƙonni kafin a goge Windows, kuma babu wanda ya kwance ko da noti ɗaya a tsakani. Katin yana nan da ransa. Abin da ya ɓace shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke tsakanin na'ura da babbar manhaja, wadda ta san umarnin da wannan na'ura take ji. A Windows kamfanin da ya haɗa laftof ne ke zuba direbobi tun daga masana'anta. A Linux kuwa, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, akasarin direbobi suna cikin kanel ne, wato zuciyar tsarin, kuma na'urar da direbanta bai shiga can ba sai mai ita ya nemo mata.

Kafin komai na tabbatar ba kulle katin aka yi ba, domin wasu laftof suna da maɓallin kashe rediyo a gefe ko a layin sama na madannai. Umarnin `rfkill list` a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, yana nuna ko an toshe Wi-Fi ta manhaja ko ta maɓalli. A tawa bai nuna toshewa ba, bai ma nuna katin Wi-Fi na ainihi ba. Daga nan na rubuta `lspci -nnk`, wanda ke jero duk na'urorin da ke maƙale a cikin kwamfuta tare da lambar shaidar kowacce da direban da ke riƙe da ita. Can ƙasa, bayan layin sauti da na tashar kebul, sai ga layin da nake nema: Broadcom BCM43142, da lamba 14e4:4365.

A kan wannan lamba duk aikin ya rataya, kuma a ganina ita ce abin da ya kamata duk mai irin wannan matsala ya fara rubutawa a takarda. Sunan laftof ba ya amfanar da komai a nan, domin kamfani yakan fitar da samfuri ɗaya mai suna ɗaya amma ya sa wa wasu katin Intel, wasu na Realtek, wasu na Broadcom, gwargwadon abin da ya samu a lokacin haɗawa. Rabin farko na lambar yana nuna kamfanin da ya ƙera guntun lantarkin da ke kan katin: 14e4 na Broadcom ne, 8086 na Intel, 10ec na Realtek, 168c na Atheros wanda Qualcomm ya saye a 2011. Rabi na biyu kuma shi ne ainihin samfurin guntun. Wanda ya tafi neman taimako da sunan laftof zai dawo da shawarwari masu karo da juna, kowacce gaskiya ce ga mai ita amma ba lallai ta dace da tasa ba.

Katunan Broadcom suna da nasu tarihin a Linux, kuma sai da na fahimce shi na gane dalilin yawan ruɗanin. Akwai direba mai suna b43, wanda masu sa kai suka rubuta ta hanyar nazarin yadda tsofaffin guntayen ke aiki ba tare da takardun kamfanin ba. A 2010 kamfanin da kansa ya saki buɗaɗɗen direba ga wasu samfura, wanda daga baya ya zama brcmsmac da brcmfmac a cikin kanel. Sannan akwai na uku mai suna wl, wanda kamfanin ya rubuta amma bai buɗe asalin rubutunsa ba, don haka ba ya cikin kanel. BCM43142 ba ya cikin waɗanda biyun farko suka sani, wl kaɗai ke iya tuƙa shi. Shi ya sa shawarar da ta fi yawo, ta a ɗora firmware-b43-installer, ba za ta yi wa mai irin katina komai ba sai cin data. A ƙarƙashin layin katin, `lspci` ya nuna cewa wani ɓangare mai suna bcma ne ya kama shi, ya gane akwai na'urar Broadcom a wurin amma ba shi da abin da zai yi da ita.

Direban yana rumbun manhajojin Ubuntu, rumbun kuma yana intanet, intanet ɗin kuma shi ne abin da na rasa. Laftof ɗin tana da tashar kebul na sadarwa, amma a gidajenmu na Tudun Wada intanet ta waya yake zuwa, ba ta kebul ba. Mafitar ita ce wayar Android da ke aljihuna. Idan aka haɗa ta da kwamfuta ta kebul ɗin USB, aka shiga saitunan hotsifot aka kunna raba intanet ta USB, Linux yana ɗaukar wayar a matsayin haɗin kebul nan take, domin direban wannan aikin yana cikin kanel tun tuni. Kebul na farko da na jona caji kawai yake bayarwa, wurin kunnawar ya ƙi dannuwa a wayar, saboda yawancin masu arahar nan da ake sayarwa a bakin titi ba su da wayoyin da ke ɗaukar bayanai a cikinsu. Da na sauya da wanda ya zo a kwalin wayar, alamar haɗi ta fito a sama. Na kuma shiga saitunan wannan haɗin na nuna cewa datarsa ƙididdigagga ce, don kada tsarin ya kama sauke manyan sabuntawa a bayan fage.

Umarni biyu ne suka biyo baya: `sudo apt update`, domin kwamfutar ta san abin da ke rumbu, sai `sudo apt install broadcom-sta-dkms`. Tsofaffin bayanai suna kiran wannan ƙunshin bcmwl-kernel-source, kuma direba ɗaya ne. Ƙunshin bai zo shi kaɗai ba, ya jawo kayan harhaɗa manhaja irin su gcc da make, da kuma DKMS ɗin da ke cikin sunansa. Dalili shi ne direban da ba ya cikin kanel dole a harhaɗa shi daidai da kanel ɗin da ke kan kwamfutar, wanda a nawa filashin 6.8 ne, kuma duk ranar da kanel ya sauya sai an sake. DKMS, wanda injiniyoyin Dell suka ƙirƙiro a 2003, shi ke yin wannan maimaicin da kansa. Ƙunshin ya kuma ajiye wani ɗan fayil a /etc/modprobe.d mai hana b43 da bcma da brcmsmac tashi, don kada su riga wl kama katin.

Ana cikin haka rubutun da ke gudu a taminal ya tsaya, wani akwati ya rufe shi yana magana a kan Secure Boot. Linzami ba ya aiki a cikin akwatin, sai an danna maɓallin Tab haske ya sauka kan Ok sannan a danna Enter. Ya nemi in zaɓi kalmar sirri mai haruffa 8 zuwa 16, in maimaita ta, ya kuma ce za a tambaye ni ita idan kwamfutar ta sake tashi.

A nan ne ainihin wahalar take, kuma nan ne bayanai da yawa suke tsallakewa. Tun daga zamanin Windows 8 a 2012, kwamfutocin da aka sayar da Windows suna zuwa da Secure Boot a kunne, kuma aikinsa shi ne hana duk wata manhajar da ba ta da sa hannun da aka yarda da shi tashi tare da kwamfuta. Ubuntu yana wucewa ne saboda Microsoft ya sa hannu a wata ƙaramar manhajar tayarwa mai suna shim, ita kuma ta yarda da sa hannun Canonical a kan kanel da direbobin da suka zo da shi. To, direban da aka harhaɗa yanzu a ɗakina fa? Canonical bai taɓa ganinsa ba, balle ya sa masa hannu. Abin da tsarin ke yi shi ne ya ƙirƙiri mabuɗi na wannan kwamfutar ita kaɗai, ya sa wa direban hannu da shi, sannan ya nemi mai kwamfutar ya tabbatar da kansa cewa ya yarda da mabuɗin. Lamarin ya yi kama da baƙon da ya zo kama haya a unguwa, wanda ba a ba shi ɗaki sai wani da mai unguwa ya sani ya zo da ƙafarsa ya ce shi ya tsaya masa. Tabbatarwar ba ta yiwuwa daga cikin Ubuntu, sai a wani shuɗin allo da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, domin a tabbata mutum ne zaune a gaban madannai ba wata muguwar manhaja ba.

Harhaɗawar ta kammala, kafin in sake kunna kwamfutar aka ɗauke wuta, ita kuma da yake batirinta ba ya riƙewa ta mutu nan take. Na fita masallaci, kafin in dawo an kawo wuta kuma ɗan yayata ya kunna ta. Ya tare ni da cewa: "Kawu, wani shuɗin allo ya fito, na ɗauka irin na Windows ne idan ta lalace, sai na danna Enter ya wuce. Ga shi ta tashi lafiya, amma har yanzu babu Wi-Fi." Ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya girma da Windows ya san shuɗin allo ba alheri ba ne, kuma idan aka wuce wannan allon ba tare da an yi rajistar mabuɗin ba, buƙatar rajistar takan goge.

Na gwada tayar da direban da hannu da `sudo modprobe wl`, amsar ta zo a layi ɗaya, ƙarshenta "Key was rejected by service", wato an ƙi karɓar mabuɗin. Umarnin `mokutil --sb-state` ya tabbatar da cewa Secure Boot a kunne yake, `dkms status` kuma ya nuna direban yana nan an harhaɗa shi an ajiye. Ke nan babu abin da za a sake saukewa, izinin shiga kawai ya rage.

Hanya biyu ce a gabana. Mafi sauƙi ita ce shiga BIOS, wato saitunan kwamfuta da ake buɗewa kafin babbar manhaja ta tashi, a kashe Secure Boot gaba ɗaya, kuma ita yawancin masu ba da shawara suke nunawa. Tana aiki, ba kuma zan zargi wanda ya bi ta ba, musamman mai tsohuwar kwamfutar da ba ya ajiye wani abin kirki a ciki. Ni dai na ga bai dace in bar Windows saboda tsaro ba sannan in fara zama a sabon wuri da cire wani tsaron, alhali gyaran umarni ɗaya ne. Na rubuta `sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der`, ya nemi sabuwar kalmar sirri sau biyu, na zaɓi lambobi zalla, domin a shuɗin allon ba a ganin abin da ake rubutawa kuma tsarin madannai na Amurka yake bi, don haka alamomi suna iya sauya wuri. Wannan kalmar sau ɗaya ake amfani da ita, ba ta da alaƙa da wadda ake shiga kwamfuta da ita.

Da ta sake tashi, yatsana yana kan madannai. Allon ya fito da rubutu fari a kan shuɗi, na danna maɓalli kafin ƙidayar daƙiƙa 10 da yake yi ta ƙare, sai ga zaɓi a jere. Na sauka kan Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, na shigar da lambobin a makance, sannan Reboot. Ubuntu yana buɗewa alamar Wi-Fi ta bayyana a kusurwa, kuma da na danna ta sunayen hotsifot na maƙwabta suka jeru, har da na mai shagon cajin waya da ke bakin layinmu.

Sunan hotsifot ɗin wayata ne kawai babu a jerin, alhali tana kan tebur kusa da laftof ɗin. Wannan ba laifin direba ba ne. BCM43142 zango ɗaya yake ji, na gigahaz 2.4, ita kuwa wayar an saita ta tana watsawa a zangon gigahaz 5, wanda ya fi sauri amma katin ba shi da kunnen jin sa ko a Windows. Na mayar da ita 2.4 a saitunan hotsifot, na kuma bar tsaron a WPA2, domin wannan direban bai san sabon tsarin WPA3 ba. Sunan ya fito, kalmar sirri ta shiga, na zare kebul ɗin, shafi ya buɗe.

Duk da haka ban ɗauki wl a matsayin abin dogaro na dindindin ba. Lambar fitowarsa 6.30.223.271 ce, ta 2015, kuma tun daga lokacin masu kula da ƙunshin a Ubuntu da Debian, tsarin Linux ɗin da aka gina Ubuntu a kansa, ne ke yi wa ɓangaren da ke buɗe faci domin ya ci gaba da haɗuwa da sababbin kanel. Rufaffen ɓangaren babu mai iya taɓa shi sai kamfanin, ko da an gano rami a cikinsa, kuma a 2019 masu binciken tsaro sun bayyana irin waɗannan ramuka a direbobin Wi-Fi na Broadcom, har da wl. Kanel ɗin ma da kansa yana rubuta a rajistarsa, wadda `dmesg` ke nunawa, cewa an shigo masa da abin da ba buɗaɗɗe ba, kuma masu gina kanel ba su cika sauraron ƙorafi daga kwamfutar da ke ɗauke da wannan tambarin ba. Saboda haka duk lokacin da sabuntawa ta zo da sabon kanel, nakan duba `dkms status` kafin in sake kunnawa, in ga ko an harhaɗa direban ga sabuwar lambar. Idan ba a yi ba, tsohon kanel yana nan, ana zaɓarsa daga jerin GRUB, manhajar da ke tayar da Ubuntu, ta hanyar danna Esc lokacin tashi. Mabuɗin da na yi wa rajista kuwa yana nan daram, ba a sake neman shuɗin allon. Bluetooth da ke kan wannan katin yana buƙatar wani fayil dabam da ake cirowa daga direban Windows, kuma da yake ba na amfani da shi ban bi ta kansa ba.

Gyara mai ɗorewa shi ne a cire katin a sa na Intel, wanda direbansa iwlwifi yake cikin kanel, sai dai wasu kamfanoni suna sa BIOS ɗinsu ya ƙi duk katin da ba ya cikin jerinsu, don haka sai an bincika kafin a saya. Na zaɓi abin da ya fi sauƙi, wato in ajiye ƙaramin adaftan USB saboda ranar da wl zai ƙi haɗuwa da wani kanel. A nan ma kwali ba abin yarda ba ne. Sanannen misali shi ne TP-Link TL-WN722N, wanda fitowarsa ta farko take ɗauke da guntun Atheros AR9271 da Linux ya sani sarai, amma ta biyu da ta uku suka koma guntun Realtek, suna bai sauya ba.

Don haka na ɗauki laftof ɗin na tafi da ita PZ. Yaron shagon ya zube mini adaftoci iri-iri a kan gilashi, yawancinsu ba su fi kan ɗan yatsa ba, kwalayensu duk an rubuta suna aiki da Windows da Mac da Linux. Na roƙi a ba ni soket in jona caja, na ce zan gwada kafin in biya. Ya ce: "Yallaɓai, duk ɗaya ne fa, kamfani ɗaya ke yin su." Na soka na farko na rubuta `lsusb`, lambar ta fara da 0bda, wato Realtek, kuma `nmcli device` bai nuna sabon kati ba. Na soka wani mai kama da shi sak, har launin kwali, sai ga 148f:7601. Na juya masa allon ya ga lambobin biyu da idonsa. Wannan na biyun guntun MT7601U ne na MediaTek, direbansa ya shiga kanel tun fitowa ta 4.2 a 2015, kuma kafin in ɗaga kai ya riga ya jero hanyoyin sadarwar shagunan da ke layin, ba tare da DKMS ko rajistar mabuɗi ba. Shi na saya. Shi ma zangon 2.4 kaɗai yake ji, don haka hotsifot ɗin wayata yana nan a inda na saita shi.